Darasi na 7: Ciwon kunne da kurumta

Ƴan uwa, a unguwanninmu na Tawa, idan kunnen yaro ya fara zubar da mugunya, sai ka ji an ce haƙori ne yake fitowa, zai wuce. Wannan magana ta jawo wa yara da yawa asarar jinsu. Haƙori ba ya sa kunne zubar da ruwa. Ƙwayoyin cuta ne suke shiga can ciki, galibi bayan mura, su tara mugunya har ta huda fatar nan siririya da ake kira dodon kunne. Idan aka bari ya daɗe, hujin ba ya rufewa, ji kuma ya yi ta raguwa.

Abin da ya fi ɓata lamarin shi ne abin da muke zubawa a ciki. Wata ta ɗiga man shanu, wata ruwan albasa, wani turare, wani kuma ya kwance kafso daga wurin mai tallar magani ya zazzage garin. Kunnen da ya huje ƙofa ce a buɗe, duk abin da aka zuba yana wucewa ciki. Kada a zuba komai sai wanda ma'aikacin lafiya ya rubuta. Haka nan sosa kunne da tsinken ashana ko gashin kaza: yana tura datti ciki, yana kuma iya huda dodon kunne.

Ga abin da uwa za ta yi. Ki wanke hannu. Ki sami ƙyalle mai tsabta mai shan ruwa, ki murza bakinsa ya yi tsini, ki sa a bakin kunnen a hankali. In ya jiƙe ki cire, ki sa wani, har kunnen ya bushe. A yi haka sau 3 a rana, a kuma kiyaye ruwa lokacin wanka. Amma wannan share fage ne kawai, dole a kai yaron likita. In bayan kunnen ya kumbura yana zafi, a tafi ranar nan, ko da dare ne.

Akwai kuma yaron da ya tashi daga zazzaɓi mai tsanani, a kira shi bai waiwayo ba, sai a ce iskoki sun taɓa shi. Sau da yawa sanƙarau ne ko ƙyanda suka lalata jijiyar ji. Mun san yadda sanƙarau ke zuwa mana lokacin bazara. Shi ya sa rigakafi yake kare kunne ma: ta ƙyanda ana yin ta yaro yana wata 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya hana ta. Wasu allurai irin su jantamisin su ma suna taɓa ji in an yi su ba bisa ƙa'ida ba.

Manya ba su tsira ba. Mai injin niƙa da mai walda da ke wuni cikin ƙara, jinsu yana tafiya kaɗan-kaɗan, kuma irin wannan ba ya dawowa. Su nemi abin toshe kunne. Na'urar taimaka wa ji da ake maƙalawa a kunne ba ta ƙara kurumta kamar yadda ake faɗa, ƙara sauti take yi. Sai dai a auna jin mutum tukuna, a daidaita ta da shi, ba a sayo a kasuwa ba. Likita na iya tura ku babban asibitin Tawa ko wurin masu duba kunne a Yamai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake ɗaukar kurma kamar marar hankali. Hankalinsa lafiya lau. Magana ba ta zo masa ba ne don bai ji ta ba. Yana koyon maganar hannu, ya yi karatu, ya yi sana'a, kuma a Yamai akwai makarantar kurame. In kuna magana da mai ƙarancin ji, ku fuskance shi cikin haske, ku yi a hankali, ban da ihu.

Aikin gida: ku rubuta abubuwa 3 da ake zubawa a kunne a unguwarku. Ku kwatanta wa maƙwabciya yadda ake busar da kunne da ƙyalle, ku zo mana da tambayoyin da ta yi.