Yadda zaka kula da ciwo har sabon nama ya cike shi

Duk wanda ya taɓa jinyar miki ya san lokacin nan da ciwo ke yin ja jawur da ɗan gudaji-gudaji a kai, wanda ko auduga ka ɗan goga sai jini ya tsattsafo. Mutane da yawa tsoro yake basu, su ɗauka ciwon ne ke ci, sai a ƙara ɗauko haidirojin da sifirit ana zubawa safe da yamma. Dan Allah a daina. Wannan jan naman shine warkewar da kanta, kuma jan da kake gani dubban ƙananan jijiyoyin jini ne sababbi fil da suke tsirowa, yawanci daga kwana na 3 zuwa na 5 suke fara bayyana. Kusan duk aikinka a matsayin mai jinya shine kada ka lalata su.

Bari in ɗan faɗa maka abinda ke faruwa a ciki, don in ka gane shi ba sai an ta maimaita maka dokoki ba. Ƙwayoyin halittar jikinmu ba a sake suke ba, akwai wata saƙa ta furotin da ta kewaye su ta riƙe su, mafi yawanta kolajin ne wanda shi kaɗai ya kai wajen kashi 30 cikin 100 na furotin ɗin jiki, sai irinsu faibironektin da laminin. In ka yanke, wannan saƙar ta yage kenan, sai jini ya daskare ya yi gudan da ke cike da zaren faibirin. Wannan gudan ba toshe jini kawai yake ba, shine saƙar wucin gadi da sabbin jijiyoyi zasu bi, kamar dai yadda kabewa ke bin danga, in ba danga sai ta watse a ƙasa.

Iskar oksijin bata iya ratsa nama fiye da kamar milimita 0.1 zuwa 0.2 daga jijiya, to tsakiyar ciwo a ƙishirce yake, sai ƙwayoyin wurin su fara fitar da wani sinadarin kira da ake cewa VEGF. Wani ɓangare na sinadarin nan yana maƙalewa ne a jikin saƙar, ita ke ajiye shi ita ke nuna ta inda za'a bi. Su kuma ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin tsofaffin jijiyoyin gefen ciwo sai su fitar da wasu sinadarai masu yanka furotin, MMP, su huda rigar jijiyar, su kama zaren saƙar da wasu 'yan maƙalai da ake kira intagirin suna jan jiki a hankali har su haɗu da 'yan uwansu su zama bututu jini ya fara bi. Abinda ya fi burgeni ma, saƙar nan ita ke cewa a tsiro kuma ita ke cewa ya isa, domin a 1997 a ɗakin binciken Judah Folkman da ke Boston aka gano endostatin, wani gutsuren kolajin ne da ke hana jijiyoyi ci gaba da tsirowa.

To yanzu aiki. Da ciwo ya faru ka samu tsumma mai tsafta ko gozi ka danne kamar minti 10 ba tare da kana ɗagawa kana leƙawa ba, duk ɗagawar da kayi zaren faibirin ɗin da ya fara haɗuwa kake tsinkawa. Jini ya tsaya sai ka wanke da ruwa mai tsafta da yawa, ruwan da aka tafasa ya huce ko nomal salin na kemis, har ƙasa da tsakuwa su fita, sabulu kuma a gefen ciwon. Man birki, toka, man goge baki, kashin shanu, garin batir, wallahi babu wanda ke da gurbi a kan ciwo, wasu ƙona naman suke wasu kuma tetanus suke kawowa. Shi haidirojin da sifirit suna kashe ƙwayar cuta gaskiya ne, amma basa bambance ta da ƙwayoyin da ke gina maka sabon nama, shi yasa ba abin zubawa kullum bane.

Sai maganar da na san za'a yi min musu, wai a bar ciwo a buɗe ya sha iska ya bushe. Tun 1962 wani mai bincike a Ingila, George Winter, ya gwada a fatar aladu ya ga ciwon da aka rufe ya zauna da ɗanshi fata na rufe shi kusan ninki biyu a sauri akan wanda aka bari ya bushe. Ƙwayoyin fatar da ke rufe ciwo jan ciki suke, basa iya tafiya a busasshen wuri sai sun nutse ƙarƙashin ɓawon. Don haka ka shafa basilin mai tsafta kaɗan, ka rufe da gozi da filasta, ka canza kullum ko duk sanda ya jiƙe. Ɗanshi nace ba jagab ba, in gefen ciwon ya fara fari yana taushi to ruwan yayi yawa. Kuma a nan ne mutane suka fi ɓarna, lokacin diresin: gozi ya manne sai a fizge, jini ya zubo, aikin kwana uku ya tafi a banza. Ka jiƙa shi da salin ka jira ya saki da kansa. Auduga zalla kada ta taɓa cikin ciwon, zarenta maƙalewa yake. Ɓawo kuma a barshi ya faɗi da kansa ko da yana ƙaiƙayi.

Abinci ba ƙaramin abu bane. Jiki baya iya ɗaure kolajin yayi ƙarfi sai da bitamin C, shi yasa matuƙan jirgin ruwa na da da suke watanni babu 'ya'yan itace har tsofaffin tabonsu ke sake buɗewa, kafin wani likita mai suna James Lind ya gwada basu lemu a 1747. Gwaiba, lemu, tattasai, garin 'ya'yan kuka, duk suna da shi. Furotin kuma wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, awara, nono, abinda dai ya sauwaƙa. Mai shan sigari ko shisha ya haƙura ko da har ciwon ya warke ne, nikotin matse jijiyoyi yake.

Mai ciwon suga nasa daban ne kuma shi nafi jiyewa. Suga in yayi yawa a jini manne wa kolajin yake ya sa saƙar ta sandare, a gyambon da ya daɗe kuma MMP ɗin nan suna yin yawa har su riƙa cinye saƙar da sinadaran kiran kafin jijiyoyi su samu abin kamawa, ga kuma ƙafar da ta daina jin zafi, mutum na taka ciwon bai sani ba. Ka riƙa duba ƙafa kullum har tsakanin yatsu, kada a yi yawo ba takalmi, a riƙe suga da magani, kuma ko ƙaramin ciwo ne a ƙafa a kai asibiti tun da wuri. Haka masu sikila da gyambon idon sawu, ba na jinyar gida bane.

Bayan fata ta rufe jan zai riƙa raguwa domin jijiyoyin da aka gama da su komawa suke, gyaran tabo kan ɗauki shekara ko fiye, kuma ƙarfinsa baya wuce kamar kashi 80 na fatar asali. In tabon ya fara kumbura yana wuce iyakar ciwon, keloyid kenan, ya fi yawa a baƙar fata, kada a kai wa wanzami ya yanke don dawowa yake ya fi na da.

Ka tafi asibiti in ciwon ya yi zurfi ya wage yana buƙatar ɗinki, ko ƙusa ce ta soke ka don a maka allurar tetanus, ko cizon kare ne, shi wannan ka fara wanke shi da sabulu da ruwa na minti 15 sannan ka tafi nan take. Haka in ka ga mugunya, wari, zazzaɓi, kumburi na yaɗuwa ko naman yayi baƙi, ko sati 2 sun wuce baya raguwa. Gyambon da ya shekara yana nan, bakinsa ya tashi yana yawan zubar da jini, a nemi likita ya yanki ɗan nama a kai gwaji, domin ciwon daji ma da wannan hanyar yake janyo wa kansa jijiyoyi kuma yana iya fitowa a kan tsohon gyambo ko tabon ƙuna.