Kurakuran da masu shan shilajit don hanta suke yawan yi

Wanda ya taɓa buɗe 'yar kwalbar shilajit ya san kamanninsa: baƙi ƙirin, mai danƙo kamar kwalta, da ɗaci da ƙaurin hayaƙi. In sanyi ya kama shi sai ya daskare, in ka jefa ɗan ƙwaya a ruwan ɗumi sai ya narke ya zama kamar baƙin shayi. Daga tsagin duwatsun Himalaya da Karakoram da Altai yake tsatsafowa lokacin zafi, ragowar tsirrai ne da suka ruɓe shekaru aru-aru. A Pakistan salajit suke ce masa, a Rasha mumiyo, kuma likitancin gargajiyar Indiya, Ayurbeda, ya daɗe da saninsa.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne mutum ya fara sha bai yi awon jini ba. Ya ji nauyi a gefen dama na ciki, ko idonsa ya yi rawaya, sai ya ce hanta ce, ya sayo kwalba. To wace cutar hantar? Nau'in B daban, nau'in C daban, kitsen hanta daban. Nau'in C yau ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin mako 8 zuwa 12. Nau'in B kuwa ana danne shi da magani irin tenofovir, kuma wanda ya ajiye shi rana tsaka don ya samu "na gargajiya", ƙwayar cutar tana iya tasowa da ƙarfin da zai kai shi gadon asibiti. Shilajit ba ya kashe ko ɗaya cikinsu. Gwaje-gwajen da suka nuna yana kare hanta galibi a kan ɓeraye aka yi su. A fara da awon nau'in B da C da na ALT da AST, wato awon jinin da ke nuna ko hanta ta taɓu, sannan a tafi da kwalbar a nuna wa likita.

Sai masu neman "ɗanye, kai tsaye daga dutse", suna ganin shi ne na asali. Ɗanyen ne ya fi haɗari, domin yana iya zuwa da dalma da arsenik da zaiba (makuri) da gubar fumfuna; su kansu masu Ayurbeda sai sun tace shi kafin su ba mutum. A 2008 mujallar likitanci ta JAMA ta buga binciken da ya gano irin waɗannan ƙarafa a kusan ɗaya cikin biyar na magungunan Ayurbeda da aka saya ta intanet. Wanda ya tuna yaran Zamfara da dalma ta kashe a 2010 ba ya bukatar a yi masa bayanin gubar dalma. Ka nemi takardar gwajin ƙarafa daga ɗakin binciken da ba na kamfanin ba. In mai sayarwa ya fara kame-kame, bar masa kayansa. Lambar NAFDAC ma tana da kyau, amma ba shaida ce cewa yana warkarwa ba.

Akwai kuma sinadarin ƙarfe (ayon) a cikin shilajit, kuma hanta ce rumbun da jiki ke tara ƙarfe. Don haka mai sikila, musamman wanda ake yi wa ƙarin jini a kai a kai, ya nisance shi, haka mai juna biyu da mai shayarwa da yara.

Yawan sha ma kuskure ne. A gwajin da aka yi wa mutane, abin bai cika wuce miligiram 250 zuwa 500 a rana ba, wato bai fi ƙwayar wake ba. Wasu kuwa cokali suke cikawa, su haɗa da jiƙo iri uku da farasitamol, duk su jibge wa hanta ɗaya. In ka fara sha sai fitsari ya yi duhu, ko ƙaiƙayi da tashin zuciya suka taso, ka dakata ranar nan, ka je a sake auna jininka.