Koyon murza taliya da hannu a Italiya, da yadda za a maimaita ta a Maraɗi

Wanda tafiya ta kai shi Italiya, in ya samu rarar rabin yini, ya shiga ajin koyon taliya. Birnin Bolonya ne gidan taliyar ƙwai, inda ake murji da doguwar sanda, amma Roma ma tana da irin waɗannan azuzuwa. Yawanci awa uku ne zuwa huɗu. Zaɓi ajin da kowa ke da nasa allon katako da nasa ƙullun, domin inda malami ke yi ana kallo, hannu ba ya koyon komai.

Tun kafin ka biya, tambayi abin da za a dafa. Miyar nama ta Bolonya, wadda aka yi rajistar girkinta a 1982, tana da naman alade da giyar inabi, kuma abin da ake cusawa a tortellini, wato ƙananan ƙunshin taliya, shi ma alade ne. Ka ce musu "senza maiale, senza vino", wato ban da alade, ban da giya. Nemi miyar tumatir, da tortelloni, wato ƙunshin taliya da ya fi tortellini girma, mai cikin cuku da alayyafo.

Awon da za a ba ka shi ne giram 100 na fulawa mai laushi, wadda suke kira 00, ga babban ƙwai ɗaya. Ana tara garin a yi rami a tsakiya, a fasa ƙwai a ciki, a kaɗa da cokali mai yatsu ana jawo gari kaɗan-kaɗan. In ka yi garaje bangon ya fashe, ƙwan zai malale a kan allo. Daga nan sai cuɗa da gindin tafin hannu, minti 10, har ƙullun ya yi santsi, in ka danna da yatsa ya dawo. A naɗe shi a leda ya huta minti 30. Kada ka tsallake wannan hutu: danƙon alkama yana ɗaurewa wajen cuɗa, in bai saki ba, duk yadda ka murza sai ƙullun ya koma. Ana murzawa daga tsakiya zuwa baki, ana juyawa, har ka hango inuwar hannunka ta bayansa. A bar shi ya sha iska kaɗan, a naɗe kamar tabarma, a yanka. Faɗin tagliatelle, wato wannan taliya mai kama da zirin ƙyalle, bayan dahuwa milimita 8 ne, haka aka rubuta a Bolonya tun 1972.

A gida abin da ya fi ɓata aiki shi ne ƙwai. Na kajin gida da na zabi ƙanana ne, saboda haka fasa ka auna: kamar giram 55 ga kowane giram 100 na gari. Lokacin hunturu ƙullun yana tsagewa cikin ƴan mintoci, sai a yanki wanda za a murza kawai, sauran ya zauna a rufe. Da zafin Afirilu kuwa, hutun a firigo za a yi shi. Injin taliyar da ke gidajenmu ya isa: fara da lamba mafi faɗi, ninke ƙullun gida uku, maimaita, sannan ka riƙa matsewa lamba ɗaya-ɗaya. Amma kada a shanya ta a igiya a ajiye kamar tamu ta mai da yaji. Wannan da ƙwai a cikinta, a dafa ta ranar.

Ruwa lita ɗaya da gishiri giram 10 ga kowane giram 100 na taliya, kuma sai ya tafasa sosai za a zuba. Minti 2 zuwa 3 ta nuna. Ba a sa mai a ruwan, ba a ɗauraye ta da ruwan sanyi, don sitacin da ke jikinta ne ke riƙe miya. Tsame ta kai tsaye cikin kaskon miya, ƙara rabin ludayi na ruwan dahuwar, juya minti ɗaya a kan wuta, a ci da zafinta.