Yadda ake tsara kulawar tsoho ko mai lalura kafin a ce "a kai shi wani wuri"

Shekara 4 na yi ina jinyar mahaifina a nan Garwa, a arewacin Kamaru, bayan hawan jini ya kayar da shi ya shanye masa ɓarin dama. Tun da ya rasu, Allah ya jiƙansa, da wuya a yi wata biyu wani bai yi mini sallama da tambaya iri ɗaya ba: "Yaya, wai ina ake kai irinsu?" Wani mahaifiyarsa ce ta fara ruɗewa, wani ƙaninsa ne mai farfaɗiya, wata kuma ɗanta ya kai shekara 6 bai fara magana ba. Dukansu wuri ɗaya suke nema, kamar akwai wani gida da ke karɓar kowa da kowa. Babu shi, kuma gidajen da na ga sun fi shan wahala daga wannan tambayar suka fara ɓata hanya. Ga tsarin da nake ba su.

Mataki na farko: ku rubuta abin da ba ya iya yi da kansa

Sunan ciwo aikin likita ne. Naku shi ne ku sami littafi, ku yi kwana 3 kuna lura. Yana ci da hannunsa? Yana ƙwarewa idan ya sha ruwa? Yana kai kansa bayi, ko sai an riƙe shi, ko a kwance yake yi? Yana iya juyawa a kan shimfiɗa? Yana gane mutanen gida? Awa nawa za a bar shi shi kaɗai ba tare da fargaba ba? Ku rubuta na rana daban, na dare daban, domin mutum ɗaya ne amma aikin biyu ne.

Idan kun gama za ku ga inda ya faɗa. Akwai wanda jiki ya gaza amma hankalinsa garau. Akwai wanda ƙafarsa da ƙarfi amma ruɗewar tsufa ta kama shi, ya fita da asuba ya ce zai je gonar da aka sayar shekara 20 da suka wuce. Wannan ya fi na kwance wuyar tsaro. Akwai mai taɓin hankali. Akwai yaro kurma ko makaho, wanda lafiyarsa ƙalau, makaranta kawai yake buƙata. Sai wanda dole hannun ma'aikacin jinya ya riƙa taɓa shi, kamar mai robar fitsari, ko mai allurar ciwon suga, ko mai gyambo. Da wannan littafin za ku je asibiti, kada ku je da "jikin dai sai a hankali".

Mataki na biyu: ku san wuraren da ke akwai

'Yan'uwanmu da ke Faransa kan kira waya su ce a nemi gidan tsofaffi. A can abin ya kasu: akwai gidan da tsoho mai sauran ƙarfi ke zama a ɗakinsa ana taimaka masa da abinci da shara, akwai wanda suke kira EHPAD mai ma'aikatan kulawa dare da rana don waɗanda ba sa iya komai, akwai wurin yini da ake kai mutum da safe a ɗauko shi da yamma, akwai kuma na ɗan lokaci don mai jinya ya huta. A nan arewa, kada ku gina lissafinku a kan wannan. Tsoho a gida zai zauna, kuma ni ma haka na fi so. Abin da ake nema a waje gyara ne da magani da karatu.

Mai shanyewar jiki wurin kine ake kai shi, wato masu motsa gaɓoɓi, kuma watannin farko bayan faɗuwa su ne jiki ya fi karɓar gyara. Wanda ya ɓata su yana yawon neman mai tofi kaɗai ya yi asara babba. Ku fara tambaya a babban asibitin yankinku, na Garwa ko Marwa ko Gaundare. Babbar cibiyar gwamnati ta gyaran naƙasa tana Yawunde, a unguwar Etoug-Ebe, mai sunan Kadinal Paul-Émile Léger, inda ake ƙera takalman gyara da ƙafar roba. Amma ku yi lissafin mota zuwa Gaundare, da jirgin ƙasa na dare, da masauki, da abincin mutum biyu, kafin ku ɗaga mara lafiya. Sau da yawa kuɗin hanyar kaɗai zai biya kine na watanni a gida.

Don yara, akwai Fondation Bethléem a Muda, kafin ka shiga Marwa idan ka taso daga Garwa. 'Yan mishan ɗin Katolika ne suka kafa ta, suna karɓar marayu da yara masu naƙasa da kurame, suna gyaran gaɓoɓi da koyar da sana'a. Na san iyayen da suka ƙi zuwa don tsoron addinin yaro. Ku je da ƙafarku ku yi tambayar a fili. Barin kurma a zaure har ya girma ba karatu ba sana'a ya fi ba ni tsoro.

Mai taɓin hankali likitan ƙwaƙwalwa ake nema masa. Asibitin Jamot na Yawunde shi ne sananne, amma ku fara da asibitin da ke kusa su ba ku takarda. A yi addu'a, a sha magani, ɗaya bai hana ɗaya ba. Wurin da za a sa wa ɗan'uwanku mari a ƙafa a ɗaure shi a turke kuwa, wannan ba wurin kulawa ba ne, ko wa ke da shi. Mai farfaɗiya kuma ba ya buƙatar a kai shi ko'ina ya zauna. Ya sha maganinsa kullum ba fashi, a nisanta shi da murhu da rijiya da kogi, idan ta tashi a kwantar da shi a gefe ɗaya, kada a cusa masa cokali a baki.

Mataki na uku: ku raba dare, ku raba wanka

A nan na faɗi, don haka a nan zan daɗe.

Da aka sallamo Baba mun yi zaman dangi. Kowa ya yi magana mai daɗi, kowa ya ce "muna tare". Yayanmu da ke Duwala ya ɗauki magani, ƙanwata ta ɗauki wanki, matata ta ɗauki abinci. Ba wanda ya ce uffan a kan wa zai juya shi, wa zai duba bayansa. Matata surukarsa ce, ba za ta buɗe masa jiki ba. Ƙanwata 'yarsa ce, kunya ta hana ta. Ni da ƙanina muna goge masa jiki da safe a gurguje, muna kawar da kai, kowa na sauri ya fita kasuwa, kowa na zaton ɗayan ya duba. Shi kuma bakinsa ya karkace, ba ya iya cewa ga inda ke masa zafi. Watan Afrilu ne, zafin Garwa ya haura digiri 40, mun shimfiɗa masa leda a kan katifa don fitsari, yana kwance rigingine cikin gumi. Bayan mako 3 wari ne ya sanar da mu. Gyambo ya buɗe a ƙasan kwankwasonsa, har sai da aka yanke ruɓaɓɓen nama. Wata 5 muka yi ana wanke shi kafin ya rufe, kuma abin da muka kashe a kansa ya fi na ciwon da ya kwantar da shi. Har yau idan na tuna yadda yake damƙe hannuna lokacin wankin, zuciyata ba ta daɗi. Kunyarmu ce ta ja masa.

To, kada ku tashi daga zaman dangi sai an kira suna. Wane ne zai yi wanka, ya kuma duba fata tun daga ƙeya har dunduniya, kullum, da haske? Uba, 'ya'yansa maza. Uwa, 'ya'yanta mata. A faɗa a gaban kowa. Idan za ka buɗe shi ka nemi izini, ka ce "Baba, zan duba bayanka", ka rufe sauran jikin da zane, ka duba da idonka sosai. Wannan ma biyayya ce.

Wanda ba ya iya juyawa da kansa, kowane awa 2 ake juya shi: dama, baya, hagu. Mutane kan ce za su bi lokutan salla. Bai isa ba. Daga isha zuwa asuba wajen awa 9 ne, daga asuba zuwa azahar ma tazara ce mai tsawo. Ku sa ƙararrawar waya, ku manna takarda a bango, wanda ya juya ya rubuta lokaci da ɓarin da ya kwantar da shi. Dare kuma a raba shi: mutum ɗaya daga isha zuwa ƙarfe 1, wani daga nan zuwa asuba. Kada mutum ɗaya ya yi dare 3 a jere. Na ga matan da suka yi haka wata da watanni, ƙarshe aka koma jinyar mutum biyu.

Wuraren dubawa su ne inda ƙashi ke kusa da fata: ƙasan kwankwaso, gefen ƙugu, dunduniya, idon sawu, allon kafaɗa, gwiwar hannu, ƙeya. Za ku ji ana cewa a nemi inda ya yi ja. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Ku nemi wurin da ya fi kewayensa duhu, ko yake sheƙi, ko ya yi tauri ko zafi idan ka ɗora bayan hannu. Idan kun gani kada ku murza, kada a sake kwantar da shi a kan wurin, a kira ma'aikacin jinya ranar. Kada a barbaɗa toka, ko garin kafso, ko a shafa baƙin mai. Wajen juyawa mutum biyu su ɗaga shi da zanen da ke ƙarƙashinsa, jan jiki a kan shimfiɗa yana saɓule fata. A sa filo tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin sha-raɓa don dunduniya ta tashi daga katifa. Leda kuma kada ta taɓa jiki, a ninka tsohon zanen atamfa mai laushi biyu a kanta, a canja da zarar ya jiƙe. Kush na manya, wato ƙunzugun da ke shanye fitsari, da ake sayarwa a farmasi yana da tsada, ni na dare kawai nake sayen shi, da rana tsofaffin zannuwa da wanki sun wadatar. Akwai katifar iska mai hura kanta, amma da wuta take aiki, kuma kun san halin wutarmu a bazara. Ko kun saya, ba ta ɗauke muku juyi.

Abinci a zaune ake ba shi, ba a kishingiɗe ba, kuma ya ƙara rabin awa a zaune bayan ya gama. Mai ƙwarewa ya fi samun sauƙi da kunu mai ɗan kauri a kan ruwa tsararo. A ba shi ƙwai, wake, kifi, nono, domin fatar mai yunwa ba ta warkewa.

Kuɗi kuma mutum ɗaya ya riƙe, da littafi. Na nesa su turo ta Orange Money ko MoMo a rana tsayayya kowane wata, ba sai an kira an roƙa ba. Wanda ba ya nan don ya yi dare, ya biya wanda zai yi.

Mataki na huɗu: idan za ku ɗauki mai jinya

Kada ku damƙa babban mutum a hannun yarinyar aiki 'yar shekara 13. Ku nemi babba, namiji ga namiji, mace ga mace. Ku biya ma'aikacin jinya ya zo gida sau 2 ko 3 ya koya masa ɗagawa da juyi da shara a gabanku. A gwada shi mako guda, kuna leƙawa ba sanarwa. A ba shi hutun kwana ɗaya a mako, a biya shi kan lokaci. Kuma kada ku ɗauki ɗan'uwa da albashi, ranar da ya yi sakaci ba za ku iya sallamarsa ba sai zumunci ya taɓu.

Mataki na biyar: takardu

Ku je santir sosiyal na gundumarku, ofishin Ma'aikatar Jin Daɗin Jama'a da ake ce wa afer sosiyal, ku nemi katin naƙasa na ƙasa. Za a buƙaci takardar likita mai nuna girman naƙasar, da hotuna, da katin ɗan ƙasa ko takardar haihuwa. Dokar 13 ga Afrilu 2010 kan kare masu naƙasa ta tanadi sassaucin kuɗin makaranta ga ɗalibi mai naƙasa marar hali, don haka iyayen yara su fi kowa gaggawa. Idan tsohon ya yi aikin albashi a kamfani, ku bi fanshonsa a CNPS, hukumar da ke biyan fanshon ma'aikatan kamfanoni, tun yana iya sa hannu.

Idan kuwa ta kama dole a bar mutum a wata cibiya ya kwana, ku je ba tare da kun sanar ba, lokacin cin abinci. Ku shiga bayi, ku shinshina ɗakin kwana, ku tambayi mutum nawa ke gadi da dare da kuma asibitin da suke kai wanda jikinsa ya tashi. Ku bar lambar waya biyu. Ranar ziyara, bayan gaisuwa, ku ja labule ku duba bayansa da dunduniyarsa da kanku.