Yadda ake bin salsalar sulen zinaren Rumawa, daga hannun wa zuwa hannun wa

A watan Oktoban 2020 aka yi gwanjon wani ɗan sulen zinare a Landan. Faɗinsa bai kai murfin kwalbar lemo ba, amma ya tashi a kan fam miliyan 3 da dubu 240 idan an haɗa da la'ada. Brutus, ɗan siyasar Rum, ne ya sa aka buga shi a shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), don tunawa da ranar da suka kashe Julius Kaisar. A bayansa akwai wuƙaƙe biyu da hula a tsakaninsu, a ƙasa an rubuta EID MAR, wato 15 ga Maris, ranar kisan. Na zinare irinsa guda uku kacal aka sani a duniya. Kundin gwanjon ya ce daga taskar wani tsohon basarake a Siwizalan ya fito. Ashe ƙaga labarin aka yi. Masu gabatar da ƙara a New York suka bankaɗo zancen, aka mayar da sulen ƙasar Girka a watan Maris na 2023, daga baya dillalin da ya sayar da shi ya amsa laifinsa a kotu. Zinaren na gaske ne, bugun ma na gaske ne. Salsalar ce aka yi wa jabu.

Wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ba zai sha wahalar gane aikin bin salsalar sule ba. Akwai matani, akwai isnadi. Sulen shi ne matanin, jerin mutanen da suka riƙe shi kuwa su ne isnadin, kuma kowane suna a jerin sai an nemi hujjarsa. Kuɗin nan ma ba baƙo ba ne a bakinmu: kalmar dinari daga denarius na Rumawa ta samo asali, ta biyo ta Larabci, kuma masana harshe na cewa "zinariya" ita ma daga dinarin ta fito.

Mataki na farko shi ne ka san abin da ke hannunka. Ka auna shi a sikelin da ke nuna lamba biyu bayan ɗigo, irin na masu sayar da gwal. Ka auna faɗinsa da milimita. Ka ɗauki hotonsa gaba da baya da gefe, cikin haske mai faɗowa daga gefe guda, don kowane ɗan tabo ya fito. Kada ka wanke shi, kada ka goge. Nauyin kaɗai zai fara ba ka labari: aureus, wato sulen zinaren Rumawa, na zamanin Kaisar yana kusa da giram 8, sarki Nero ya rage shi zuwa wajen 7.3 a shekara ta 64 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), solidus, sabon sulen zinaren da sarki Constantine ya shigo da shi a farkon ƙarni na 4 kuma giram 4.5 ne. Zinare ba ya tsatsa, don haka nauyin da wani ya rubuta shekara ɗari da suka wuce ya kamata ya zo daidai da naka, ko ya saɓa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Daga nan sai ka nemo nau'insa. Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: aureus na Nero, gaba an rubuta NERO CAESAR AVGVSTVS, baya kuma Jupiter, babban abin bautar Rumawa, zaune a kujera da rubutun IVPPITER CVSTOS. An buga shi a birnin Rum wajen shekara ta 64 zuwa 65. A kundin Roman Imperial Coinage, wanda ake gajartawa RIC, lambarsa 52 ce a juzu'i na farko, bugu na biyu. Za ka same shi kyauta a shafin OCRE na ƙungiyar masana kuɗi ta Amurka, wato American Numismatic Society. Ka nemo lambarsa a kundin Calicó, wanda ya keɓanta da aureus, sannan lallai ka nemo ta a tsohon kundin Henry Cohen, Bafaranshen ƙarni na 19. Mutane da yawa kan tsallake Cohen don ya tsufa, alhali tsofaffin kundayen gwanjo da lambobinsa suke aiki. Idan ba ka da ita, za ka wuce sulenka a shafi ba ka gane shi ba.

To, a nan ne aikin gaske yake farawa, domin sanin nau'i ba sanin sulen ba ne. Wannan na Nero yana cikin aureus mafi yawa a kasuwa, 'yan uwansa na nan birjik. Abin da zai cece ka shi ne da hannu Rumawa ke buga kuɗi. Ana ɗora ɗan curin zinare tsakanin hatimin ƙarfe biyu, a doka da guduma. Hatimi ɗaya zai buga dubbai, zanen ya zo iri ɗaya, amma curin ba ya zama wuri ɗaya sau biyu. Ka ɗauki gilashin ƙara girma ka duba. A ina zanen ya karkace har kan harafin N ya fita daga gefe? Ɗige-ɗigen da suka kewaye hoton, daga ina zuwa ina suka fito, a ina suka ɓace? Akwai 'yar tsaga a baki? Akwai kwarzane a kumatun sarki, ko ɗan tambarin da wani ɗan canji ya buga don gwada zinaren? Ka ɗauki sulen kamar fuskar agogo ka rubuta: tsaga a ƙarfe 4, lotsawa a ƙarfe 11. Ka juya shi ka ga inda kan hoton baya ya fuskanta, shi ma ka rubuta da lissafin agogo. Waɗannan su ne zanen yatsansa. Ni a wurina, duk salsalar da ba ta jingina da su ba, zance ne kawai. Ka lura da gefe sosai, domin sulallan zinare da yawa sun taɓa zama abin wuya ko zobe, an cire su an gyara wurin, wanda hakan kan rage nauyi ya kuma canza kamanni tsakanin tsohon hoto da sabo.

Mataki na gaba, ka tattara duk takardar da ta zo tare da shi. Rasit, tsohon ambulan, wasiƙa, da 'yar zagayayyar takardar nan da masu tara kuɗi ke sakawa ƙarƙashin sule a cikin akwati, wadda sukan rubuta inda suka saya da shekara da farashi. Kada ka yar da ko ɗaya, ko da ta yage. Rubutun hannun wasu sanannun masu tarawa an san shi. Sannan ka fara daga wanda ya ba ka, ka riƙa ja da baya: kai daga wa ka samu, yaushe, ina shaida? Ba a farawa daga babban suna na da can a yi ta neman hanyar haɗa shi da sulenka. Wanda ya yi haka, abin da ransa ke so shi zai gani.

Idan bakin mutane ya ƙare, sai kundayen gwanjo. Na shekarun baya-bayan nan suna da sauƙi: shafukan acsearch da CoinArchives sun tara hotunan gwanjo masu ɗimbin yawa. Ka sa sunan sarki da rubutun baya da nauyin, ka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Na kafin zamanin intanet kuwa sai haƙuri. Ɗakin karatu na Jami'ar Heidelberg ya ɗora tsofaffin kundayen gwanjon Jamus da maƙwabtanta kyauta, haka ma Gallica na babban ɗakin karatun Faransa. Ka fara da manyan taskokin zinaren Rumawa da aka sayar da hotuna: ta Ponton d'Amécourt a Paris a 1887, ta Montagu a can Paris ɗin a 1896, ta Arthur Evans, mai haƙar tsohon birnin Knossos a tsibirin Crete, wadda kamfanin Naville na Geneva ya sayar a 1922. Abu biyu kan rikita sabon shiga. Na ɗaya, yawancin hotunan wancan zamani ba na sulen kansa ba ne, na kwafinsa ne da aka zuba da filasta, don haka ba za ka ga launi ko ƙyalli ba, wani ƙaramin kwarzanen ma ya ɓace. Siffar gefe da karkatar zane su za ka riƙe. Na biyu, tsofaffin kundayen Ingila da ƙwayar grain suke awo, kowace ɗaya giram 0.0648 ce, sai ka juya lissafin. Ka ajiye hotunan biyu gefe da gefe a girma ɗaya a kwamfuta. Idan tsagar ƙarfe 4 tana nan, lotsawar ƙarfe 11 tana nan, nauyi ya zo ɗaya, ka sami mahaɗa guda. Idan zanen ne kawai ya yi kama, ɗan uwansa ka samu, wanda suka fito hatimi ɗaya. Wannan ranar da hoto ya hau kan hoto tana da daɗin da ke mantar da mutum wahalar makonni.

Wani lokaci sulen da kansa yake nuna inda ya kwana. A 1895, a wani gidan gona a Boscoreale kusa da Pompeii, aka tono kayan azurfa da aureus fiye da dubu ɗaya, waɗanda aman wutar dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79. Azurfar ta tafi gidan tarihi na Louvre, zinaren kuwa ya watse a kasuwa ba tare da an yi masa cikakken lissafi ba. Da yawansu sun ɗauki wani launi ja-ja mai jan ido, kuma na Nero irin misalinmu zai iya kasancewa a ciki tunda ya girmi aman wutar. Sai dai launi alama ce, ba hujja ba, don ana iya kawo shi da dabara, kuma sunan Boscoreale na ƙara farashi. Akwai kuma sulallan da ke ɗauke da wata 'yar mikiya da aka dasa a bayan kan sarki, ta azurfa a kan na zinare. Tambarin wata tsohuwar taskar masarauta ce a Italiya, wasu masana su ce ta gidan Este, wasu su ce ta gidan Gonzaga. Ka kwatanta duk wannan da dukiyar Hoxne a Ingila: a 1992 wani mutum yana neman gudumar da ta ɓata a gona ya ci karo da ita, ya sanar da hukuma, masana suka tono ta a tsanake. Sulallan zinare 569 ne a ciki, kowane an san ramin da ya fito. Don neman irin waɗannan, ka duba rumbun Coin Hoards of the Roman Empire na Jami'ar Oxford.

Yayin da kake ja da baya, ka sa ido a kan wasu shekaru. Babbar su ita ce 1970, shekarar da UNESCO ta kafa yarjejeniyar hana fataucin kayan tarihi ta haramtacciyar hanya, wadda Najeriya ta shiga tun 1972. Yawancin gidajen tarihi ba sa karɓar abin da ba a iya nuna ya bar ƙasarsa kafin wannan shekara ba, ko ya fita da izini. Amma dokokin ƙasashe sun girme ta: tun 1909 Italiya ta ce abin da aka tono a ƙasarta na gwamnati ne. Sai kuma 1933 zuwa 1945, lokacin da aka ƙwace ko aka tilasta wa Yahudawa da yawa sayar da taskokinsu a Jamus da ƙasashen da ta mamaye. Idan sulenka ya canza hannu a can a tsakanin nan, ka duba rumbun Lost Art na Jamus. Ka yi hattara da kalmomi irin su "daga wata tsohuwar taska a Turai" ko "mallakin wani dattijo", babu suna, babu shekara, babu hoto. Ka tambayi mai sayarwa takarda. Idan ya ce sirri ne, ka rubuta cewa ba a tabbatar ba.

Daga ƙarshe ka zauna ka rubuta salsalar, daga mai riƙe da shi yau zuwa mafi tsufan da ka iya kaiwa. Kowane layi ya ɗauki suna, gari, shekara, lambar kaya a kundin gwanjo, da irin hujjar. Ka raba su uku: wanda hoto da nauyi suka tabbatar, wanda takarda kaɗai ta ambata, da wanda wani ya faɗa da baki. Inda ka rasa mahaɗa, ka rubuta ƙarara cewa daga shekara kaza zuwa kaza ba a san inda yake ba, kada ka cike gurbin da zato. Ka ajiye kwafi ɗaya tare da sulen, ɗaya a wani wurin daban. Idan kuwa binciken ya kai ka ga alamar an sato shi daga gidan tarihi ko an tono shi a ɓoye, ka dakatar da saye ko sayarwa, ka kai hotunan da bayanan ga sashen kuɗi na wani gidan tarihi ko ga hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasar da kake zaune.