Yadda za ka riƙa ganin ƴan gitar ɗinka ido da ido duk shekara daga nan Damagaram

Ƴan uwa masu son gitar, wannan naku ne. Kullum a fada in an aza shayi aka sa kiɗan Etran de l'Aïr ko Bombino ko Mdou Moctar sai ka ji wani ya ce kai ina ma in gan su da idona, shekara ta zagayo ya sake faɗin haka, har yau a waya yake jin su. Gaskiyar magana manyan ƴan gitar ba kasafai suke sauka Damagaram ba, in kana zaune kana jiran ranar da za a manna afish a bakin MJC, wato gidan samari da al'adu, ko hilin kokowa na Langa-Langa to za ka daɗe kana jira, kai ne za ka tashi ka same su inda suke, kuma wallahi abu ne mai yiwuwa ko ba ka da ƙarhi sosai in dai ka shirya da wuri.

Ka fara da tsayar da orkes guda wadda ita ce taka, don aljihu ba ya ɗaukar bin kowa, kuma kowace da inda ake samun ta. Ni Etran nake bi shekara da shekaru. Ƴan gida ɗaya ne, ƴan uwa da ƴaƴan ƴan uwa, tun 1995 suke kiɗa a Agadas kuma a bukukuwan aure da suna suka yi suna tun kahin Turawa su san da su, saboda haka wanda ke son su Agadas zai nufa. Tal National kuwa ƴan Yamai ne, suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, su ne suka hi sauƙin samu in kana da ɗan uwa a babban birni. Bombino da Mdou sun hi wuya don rabin rayuwarsu a jirgi take, Bombino shi ne ɗan Nijar na farko da sunansa ya shiga takarar kyautar Grammy da faifansa na 2018, Mdou kuwa mai kiɗa da hannun hagu wanda waƙoƙinsa suka fara yawo ta bulutut da kart memwar yanzu Amurka da Turai ke ta kiransa, irin waɗannan sai ka yi kwanton lokacin da suka dawo gida.

To lokacin shi ne babban abin da za ka riƙe. Daga watan Yuni zuwa Agusta kar ka wahal da kanka, lokacin bukukuwan kiɗa ne a ƙasashen Turawa, galibin waɗanda suka yi suna suna can. Watan azumi ma babu zancen konser. Abin yana buɗewa ne da ƙarshen damina, a watan Satumba akwai Cure Salée a Ingal, kamar kilomita 160 yamma da Agadas, inda Buzaye da Fulani Wodaɓe ke haɗuwa da dabbobinsu, da dare kuma gitar ke karɓar hili. Sai lokacin sanyi akwai bukin Aïr a Iferwan can cikin duwatsu, ranakunsa suna canjawa shi ya sa sai ka riƙa tambaya. Amma ni in ka tambaye ni, babu kamar lokacin aure, wato makonnin da ke gaban azumi da kuma bayan sallar layya, nan ne Agadas ke cika da buki, unguwa-unguwa kana jin gitar na tashi, kuma nan ne za ka ga mawaƙa a gabanka ba wani dandamali ba shinge, su da baf ɗinsu, wato lasifika, a ƙasa a kan tabarma.

Labarin ranar kuwa ba a afish yake ba. Ka bi shafinsu na Facebook ba laihi, amma abin da suke sawa can yawanci na tahiyar waje ne. Abin da ke aiki shi ne ka samu mutum guda a garin, mai sono ne, wato mai kayan sauti, ko mai hayar kujeru da tanti ko direban kar da ke zirga-zirga, su ne suka san gidan wa za a yi kiɗa ranar asabar da wace orkes aka ɗauka. In ka je karon farko kar ka dawo ba ka karɓi lambar mai sono ba, ka riƙa gaishe shi a WhatsApp ko babu dalili, da salla ka tura mishi ɗan kredi, ranar da abu ya taso shi zai fara tuno ka.

Kuɗi kuma kar ka bari sai tahiya ta zo. Ku haɗa adashi a fada, mutum huɗu ko biyar masu ra'ayi ɗaya, in kowa na ajiye jikka guda duk mako a shekara ya tara jikka 52, ka ga an samu abin tike da abinci da ɗan abin liƙi. A ba mutum mai amana ya riƙe, kuma a yi magana tun farko cewa wannan kuɗin ba na rance ba ne. Kuma don Allah ɗan uwa ka bar ma iyali cefanensu cikakke kahin ka hita, in da tsohuwa a gida ka je ka yi mata sallama ta sa maka albarka, in maiɗakinka na son kiɗan ka tahi da ita ko da shekara guda, ba ka san daɗin da za ta ji ba.

Hanya. Daga nan zuwa Agadas kamar kilomita 450 ne, ka bi ta Tanut da Adarbisanat, Yamai kuwa kusan 900 ta Maradi da Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, yini guda cur. Karori irin su Rimbo da STM da asuba suke tashi, ka sayi tike tun jajibiri ka je tasha da wuri. Katin ɗan ƙasa a aljihun gaba don akwai shingayen jandarma, kuma ka tambayi direbobi halin da hanya take ciki a makon nan, in sun ce a dakata ka dakata, kar ka shiga motar dare a hanyar arewa don gaggawa. Ka isa kwana guda kahin ranar. Rawani dole ne saboda ƙura, in lokacin sanyi ne ka haɗa da bargo da rigar sanyi mai kauri don daren Aïr ba irin namu ba ne, sanyin har ƙashi.

In bukin aure ne ka tuna bukin mutane ne, kai baƙo ne. Ka sa kaya masu kyau, ka bi wanda ya san gidan ya gabatar da kai, ka gaida manya. Za ka ga an yi da'ira, mata zaune gehe guda cikin shigarsu maza tsaye ɗaya gehen, tsakiya an bar hili, mutum biyu ko huɗu ke shiga su taka su hita wasu su shiga, to kar ka faɗa ciki haka nan, ka tsaya ka ga yadda ake yi tukuna, in an jawo ka sai ka shiga. Rawar a hankali take, kafaɗa da hannu, ba tsalle. Ka canjo ƙananan takardu tun da rana don liƙi, wannan liƙin yana cikin abin da mawaƙan ke ci da iyalansu, ni ba na jin daɗin in ga mutum ya sha kiɗan awa uku ya tahi bai ajiye ko dala ba. In kuran ya ɗauke kar ka tashi, za a tada grup a ci gaba.

Wajen tsayuwa kar ka manne da baf, kunne ba ya da sauyi, ka sa ƴar auduga in sono ya yi ƙarhi. Ka nemi gehen da kake ganin hannun mai solo, wato mai jan gitar, da mai bateri, wato mai buga ganguna, tare, don a tsakaninsu abin yake, waƙar da ka sani ta minti biyar a waya a nan sai ta kai minti goma sha biyar, mai bateri na ƙara wuta kaɗan-kaɗan gitar biyu suna zagaye juna jama'a na tahi da hannu mata na guɗa har ka rasa inda aka faro. Waya kuwa ka ɗauki waƙa guda don ƴan fada da ba su zo ba ka mayar aljihu, sautin da za ta ɗauko maka ba zai kai ko rabin abin da kunnenka ke ji ba.

Wasu na tambayata ai ka gan su bara me za ka sake gani. Ba su taɓa zama iri ɗaya ba. Yaron da ka gani yana naɗe waya yana ɗaukar baf shekarun baya, bana sai ka tarar an miƙa mishi gitar ya yi waƙa biyu, in sun dawo daga tahiyar waje hannunsu ya ƙara sauri da tsabta, wata waƙar an canja mata tahiya gaba ɗaya, wata sabuwa ce ba ta hita ko'ina ba kai ka riga kowa jin ta. Ni na fara ajiye ƙaramin kaye ina rubuta wa ya riƙe solo, wa ya buga bateri, da me suka buɗe da me suka ruhe, ka gwada za ka ga amfaninsa bayan shekara uku. Sannan mutane ba sa dawwama, Abdallah Oumbadougou wanda yana cikin waɗanda suka fara wannan kiɗa a Nijar ya rasu a 2020, Allah ya jiƙansa, akwai abokaina da suka yi ta cewa baɗi za su je ganinsa har abin ya wuce su, har yau in an sa kiɗansa sai ka ga jikinsu ya yi sanyi.

In an tashi ka ƙarasa ka gaida mawaƙan, ba su da girman kai, ka ce musu daga Damagaram ka taso takanas, baɗi in sun gan ka za su gane ka. Tiken dawowa kuwa ka saye shi ranar da ka sauka, musamman bayan Cure Salée da bukin Iferwan, don kowa a rana ɗaya yake son komawa kuma karori cika suke yi tun kwana biyu kahin.