Gashin tukwane da abin da gona ta bari

Lokacin gashi shi ne bayan an yanke muskuwari, wato dawar rani, daga Fabrairu zuwa Afrilu: kara ya bushe, ruwa bai sauko ba.

A fara da yumɓu. Baƙar ƙasar karal ta kewayen Marwa a Kamaru akwai danƙo, amma tana tsukewa ƙwarai. Duk wanda ya ga yadda filin ke tsattsagewa da rani ya san abin da za ta yi wa randa. Maganinsa tsingaro: a daka, a tankaɗe, kwano 1 a kan kwano 2 na yumɓu. In na bakin kogi ne mai yashi-yashi, kwano 1 ya ishi 4. A jiƙa kwana 2, a tattake da ƙafa, ana tsince fararen tsakuwoyin da ke ciki. Farar ƙasa ce. In ta sha wuta, daga baya ta ji laima, sai ta kumbura ta ɓalle jikin tukunya, wataƙila ma bayan an sayar.

Kafin ginin ya bushe a mirgina totuwar masara a kafaɗa don ado, a shafa jar ƙasa, a goge da santsin dutse.

Shanya a inuwa, mako guda, a rufa wa baki tsumma. Busasshiyar iska takan busar da baki gindi na ɗanye, nan tsaga ke farawa. Sannan rana, kwana 2.

Ranar gashi a kife kowace a kan ɗan garwashi kamar awa 1. Masu gaggawa kan tsallake wannan, su ne ke jin "fau!" a cikin wuta, don ruwan da ya rage ya zama tururi.

A shimfiɗa itace a rami marar zurfi, a kife manya, a cusa ƙanana a tsakani. A lulluɓe da fasassun kasake, sai busasshen kashin shanu, sai kara da ciyawa. A kunna da almuru, iska ta kwanta. Kara na tashi da sauri ya mutu. Kashin shanu ke riƙe zafin. Inda aka hango tukunya a fili, a jefa ciyawa nan take. Wajen awa 1 za su yi jawur.

Tukunyar miya a zaro ta da doguwar sanda da zafinta, a yayyafa mata dafaffen ruwan bagaruwa, ta yi baƙi, ta rage tsatsafo. Randa da tulu kuwa kada a yayyafa musu, tsatsafon nan ne ke sanyaya ruwa. A bar su cikin toka sai da safe.